Mai Goyo da Neman Aiki a Damagaram, Jiya da Yau

Akwai macen da ta yi shekara goma ko fiye a ɗaki, daga goyo sai yaye, daga yaye sai wani goyon. Yau yara sun tasa. Ta ji ana neman ma'aikata a gidan likita, an ce ta zo ran Litinin a yi mata tambayoyi. Sai gabanta ya faɗi. Idan aka ce, "Wane aiki kika taɓa yi?" me za ta ce? Bari mu koma baya mu ga yadda kakanninmu suka ɗauki wannan magana.

Sarkin Damagaram Tanimun ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa. A zamaninsa ayarin raƙuma daga Tarabulus suna sauka a Zango, su huta, su wuce Kano. Gari ya cika, aiki ya yi yawa. Amma ba wanda yake rubuta takardar neman aiki. Mai so sai ya sami babba ya kai shi, ya faɗi ya yi gaisuwa. A tambayi ɗan wane ne, a tambayi halinsa. Bakin mutane shi ne takarda.

To, mata fa? Ayyukan mata na waje, ba budurwa ake ba su ba, ba kuma amarya ba. Jakadiya, mai kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, babbar mace ce mai riƙe asiri. Dillaliya tana shiga gida gida, ta karɓi zane da tasa da zobe na matan kulle, ta sayar, ta kawo wuri daidai. Wa zai danƙa wa yarinya dukiyarsa? Ungozoma kuwa ta fi su duka. Sai wadda ta haihu, ta yi wankan jego, ta yi rainon ƴaƴa, galibi ma ta daina haihuwa, sannan a yarda ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jinjiri. Ran suna a ba ta kasonta na nama da hatsi. Kun ga ke nan, shekarun da mace ta yi a ɗaki su ne makarantarta. Ba a cewa ta zauna. Cewa ake ta ga jiya, ta ga yau.

Nasara suka ci Damagaram a 1899. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasa, kafin a mai da shi Yamai. Suka zo da sabon aiki: tafinta, magatakarda, malamin lakkol. Suka zo kuma da sabuwar hanya. Mutum ya tsaya gaban tebur, a tambaye shi, a dubi takardarsa. Ƴan mata kaɗan ne ƙwarai suka shiga lakkol, saboda haka ƙofar nan ta rufe wa mata. Abin da ba a rubuta ba, tebur bai san shi ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960 abin ya ɗan sake. An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963. A shekarun nan ne ma'aikatan animasiyo, masu wayar da kan mutanen karkara, suka kama aiki a ƙasar Matamaye, daga baya aka buɗe reshen mata. Da aka tashi neman ungozomomin da za a horar, sai aka ce gari ya zaɓa. Gari kuwa ya zaɓi iyaye mata, yadda aka saba tun dā. Aka kai su gidan likita na ƴan kwanaki, aka koya musu wanke hannu da sabulu da yanke cibi da sabuwar reza, aka ba su akwatin aiki. A ganina nan an yi hankali, don an haɗa sanin tsohuwa da sanin likita. A 1975 aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar. Dokar aiki ta 2012 kuma ta hana a ƙi ɗaukar mutum don kawai mace ce.

Amma tebur yana nan, kuma yanzu ke ce za ki yi wa kanki shaida. Ƴar'uwa, kada ki ce, "Ba ni da aikin yi, ina gida kawai." Wannan ba gaskiya ba ce. Ki zauna tun kafin ranar, ki ɗauki alƙalami, tun da yanzu kin iya, ki rubuta abin da kika yi, da lissafi. Kin riƙe adashi? Na mata nawa, shekara nawa, kuɗin wa ya taɓa ɓata? Kin yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa? Tiya nawa a mako? Yara nawa kika kai rigakafi ba fashi? Mai tambaya ba ya jin "na iya", amma yana jin "mata ashirin, shekara biyar".

Ki tambayi wadda take aiki a wurin abin da ake yi da ƙarfe nawa ake tashi. Ki sa ƴarki ko maƙwabciya ta zama mai tebur, ta yi ta tambayarki har bakinki ya saba. Za su so su ji wa zai kula da yara, to ku gama wannan magana da maigida da mai riƙe su tun da wuri. Ki haɗa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar yaƙi da jahilci cikin leda guda. Abu ɗaya ne mai ɗan wuya: an koya mana kunya, mace ta sunkuyar da kai gaban babba. Ki yi sallama, ki gaida su da ladabi, sannan ki ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Idan tambaya ta zo da Faransanci ba ki gane ba, ki ce a maimaita miki da Hausa.