Daga Ruwan Bagaja Zuwa Allura Cikin Ruwa

A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malaman da za su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Bai samu da sauƙi ba. Malaman lokacin sun saba da wa'azi da fiƙihu da waƙa, ƙago labari kuwa suna ganinsa tatsuniya ce, aikin tsofaffi da yara. Cikin 'yan kaɗan da suka amsa akwai wani malamin Midil ta Katsina ɗan shekara 22, Abubakar Imam. Littafinsa Ruwan Bagaja ya fito a 1934, tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Mutane kan ce gwanintarsa baiwa ce, kuma gaskiya ne, amma Imam bai tsaya ga baiwa ba. Ya tashi cikin littattafan Larabci a gidan malamai. Da East ya ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, sai ya jibge masa labaran Gabas da na Turai, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus. Wata shida ya yi yana karantawa, yana rubutawa, East na dubawa yana gyara. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, inda baƙin labarai suka shiga bakin aku a fadar Sarki Abdurrahman, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Daga 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɗora wa Imam aikin rubutu ba hutu.

Wannan tsari na marubuci da mai gyara da kamfanin ɗab'i ya yi rauni a shekarun 1980, da takarda ta yi tsada. Matasa suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa a Kano.

A nan kudancin Katsina ya shigo da ƙarfinsa. Daga Funtuwa, Bilkisu Salisu Ahmed, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta fitar da Allura Cikin Ruwa a 1994, sannan Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni. Ba ta da wani East a bayanta. Kunne gare ta: ta san yadda uwargida ke magana da amarya, ta san zancen tsakar gida, ta kuma ba jarumanta mata ilimi da sana'a. Matan aure a Kafur da Bakori da Malumfashi suna karɓar irin waɗannan littattafai haya, ɗaya ya zaga gida biyar kafin ya yage.

Mai sukan waɗannan littattafai da ya fi kowa zafi ma ɗan yankin ne. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi zurfin nazari kan Imam, shi ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kukan gaggawa da rashin gyara da maimaita soyayya. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar masa da martani a jaridu, cewa littattafan sun sa dubban mata karatu. Kukan Malumfashi kan gyara yana da tushe, ko da hasashensa na mutuwar wannan adabi bai tabbata ba.

Yau labaran sun koma waya, ana tura su babi-babi ta WhatsApp da Wattpad. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ke sa alƙalai su tace gajerun labaran mata kafin a karanta su a rediyo.