Turaren da Ya Biyo ta Hanyar Maganin Maleriya

Waɗanda suka fara koya wa yisti yin ƙamshi ba turare suka fita nema ba. A 2004 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da tallafin dala miliyan 42.6 domin a samar da atimisinin, jigon maganin zazzaɓin cizon sauro, ba tare da jiran manoma ba. Ana tatso shi ne daga ganyen wani tsiro ɗan dangin tazargade, farashinsa kuwa yau sama gobe ƙasa. A 2006 Jay Keasling da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da kamfanin Amyris suka bayyana cewa sun dasa ƙwayoyin halittar tsiron cikin yisti, irin wanda ke kumbura burodi, har ya riƙa cin sukari yana fitar da sinadarin da ake mayarwa magani.

Sirrin yana cikin dangantaka. Atimisinin da man pachuli da man sandal duk daga tushe ɗaya suke fitowa, wani sinadari mai ƙwayoyin kabon 15 wanda yisti da ma yana ƙerawa don buƙatar kansa. Idan aka ƙara masa yawan wannan tushe, aka canza inzayim ɗin da ke lanƙwasa shi, sai tukunya ɗaya ta ba da wani abu dabam.

Amyris ya fara kwaɗayin babbar kasuwa: man dizal daga raken Brazil. Motocin bas a São Paulo sun sha shi, amma lissafi bai fita ba, domin lita ɗaya ta man mota ba ta biyan kuɗin sukari da tankuna. Turare kuwa da tsada ake sayen kilonsa. A 2014 kamfanin Firmenich na Suwizalan ya fito da Clearwood, mai ƙamshin pachuli, wanda yistin Amyris ya haɗa. A ganina wannan ce shekarar da sana'ar ta gane inda abincinta yake, ko da yake ƙananan manoman Indonesiya, masu noma mafi yawan pachulin duniya, ba su da dalilin yin murna.

Maganin da aka faro da shi bai kori manoma ba: Sanofi ya fara sarrafa shi a Italiya a 2013, ganyen ya yi araha, daga baya kamfanin ya sayar da masana'antar. Amyris kansa ya shigar da takardun karayar arziki a watan Agustan 2023.