Benzin: Gubar da ke cikin fetur, take lalata ɓargo sannu a hankali

Benzin sinadari ne mai kama da ruwa, ba shi da launi, yana da ɗan ƙamshi, yana saurin tashi ya bi iska, kuma wuta kaɗan ke kama shi. Yana cikin sinadaran da masana'antu suka daɗe suna narkar da maiƙo da roba da fenti da gam da su. Masanin kimiyyar Ingila, Michael Faraday, shi ya fara ware shi a 1825. Ana samun sa daga ɗanyen mai da kwal, akwai shi a cikin fetur da hayaƙin injuna da na taba sigari.

Inda mutanen gari ke haɗuwa da shi

Ba sai mutum yana aiki a masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Chalawa ba. A unguwanni irin su Gyadi-Gyadi da Tarauni da Ƙauyen Alu, gidajen kwana na maƙwabtaka da garejin kanikawa, gidajen mai, rumfunan masu faci da teburan 'yan bumburutu. Kanike na wanke ƙarfe da fetur, ya kuma wanke hannunsa da shi. Mai sayar da fetur a galan yakan zuƙo shi da baki ta tiyo. Magidanci na ajiye janareta da jarkar mai a soro ko kusa da tagar ɗakin yara.

Tina ta masu fenti da sholishon masu faci da gam ɗin masu takalma galibi 'yan uwan benzin ne ke cikinsu, musamman toluwin, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Akan sami benzin gauraye a cikin waɗanda ba a tace da kyau ba.

Hanyar da ya fi shiga jiki ita ce numfashi, sai fata, sai kuma ruwan sha. Tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta ƙasa-ƙasa a rufaffen shago. Idan tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai ya yi yoyo, ko aka riƙa zubar da ragowar fetur a ƙasa da kwata, yana iya nitsewa har ya isa ruwan rijiya da burtsatse, waɗanda gidaje da 'yan garuwa da yawa a Kano suka dogara da su.

Abin da yake yi wa jiki

Shaƙar mai yawa a lokaci guda na kawo jiri, ciwon kai, tashin zuciya da magagi, wani lokaci suma ko ma mutuwa. Sai dai babbar illar tana tattare da shaƙar kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Benzin na lalata ɓargo, inda jiki ke samar da jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ragu, mutum ya riƙa kasala. Farare su ragu, cuta ta riƙa kama shi a kai a kai. Masu daskarar da jini su ragu, sai haɓo da zubar jini daga dasashi. Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu adadinsa a iska da za a kira mara haɗari.

Darasi daga wasu wurare

A shekarun 1960 da 1970, likitan jini Muzaffer Aksoy ya gano yawaitar kansar jini tsakanin masu ɗinkin takalma a Istanbul ta Turkiyya, waɗanda ke wuni a ƙananan shaguna da gam mai benzin. A 1971 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya ta 136 domin kare ma'aikata daga wannan sinadari.

A Najeriya, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni, wanda ya fito a Agustan 2011, ya nuna cewa mutanen Nisisioken Ogale a Jihar Ribas na shan ruwan rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Ƙa'idar ita ce maikirogiram 10 a kowace lita, wato giram 1 kacal a cikin jarka 4,000 masu cin lita 25.

Kuskuren da aka saba yi

Masu fenti da yawa na shan madara bayan aiki da nufin wanke gubar, alhali madara ba ta fitar da abin da ya riga ya shiga jini ta huhu. Takunkumin yadi na tare ƙura ne, ba ya tare tururi. Mai matacin gawayi ne ake buƙata. Tafasa gurɓataccen ruwa a rufaffen kicin kuma na mayar da gubar cikin iskar da iyali ke shaƙa.

Kariya

A yi feshin fenti da aikin gam a wuri mai wadatar iska, a nisanta almajirai da yaran shago daga tururin. A daina wanke hannu da fetur da zuƙo shi da baki. A rufe jarkar mai, a fitar da ita da janareta daga wurin kwana. Rijiyar da ruwanta ke warin fetur ko yake ƙyallin maiƙo, a daina sha, a kai ƙorafi Ma'aikatar Muhalli ta jiha ko hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli.

Wanda ya daɗe a irin waɗannan sana'o'i, ya ga kasala da zazzaɓi sun ƙi ƙarewa, kada ya tsaya ga maganin kemis da zaton maleriya ce. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya da sauran manyan asibitoci, na iya nuna raunin ɓargo da wuri. Yana da muhimmanci ya faɗa wa likita sana'arsa da adadin shekarun da ya yi a cikinta.