Daga Gandu Zuwa Agogo: Tarihin Aiki da Ɓacin Zuciya a Ƙasar Maraɗi

Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, Allah ya ba shi lada.

Dalilin wannan rubutu shi ne, a zaman ƙungiya da ya wuce an kawo mana ƙorafin aure har uku, kuma duk ukun magana guda ce: mutum ya tafi nema da halinsa mai kyau, ya komo ya zama wuta, ba ya barci, ba ya dariya, abu kaɗan sai faɗa, wani ma har da duka. Wani baba daga cikin iyayenmu ya ce yaran yanzu ne ba su da haƙuri. Ban musa wa babba ba, amma na roƙi izini in waiwaya baya tukuna, tun da an ce ruwa ba ya tsami banza. Ga abin da na samo.

ZAMANIN GANDU

Kowa ya san asalin garuruwan nan namu. Bayan da Katsina ta faɗi a hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Mutanen wancan zamani sun ga yaƙi, sun ga hari da bauta da yunwa, saboda haka kada wani ya ce muku sun yi zaman aljanna ne. Amma ku dubi yadda aikinsu yake.

Gida guda, gandu guda. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma babbar gona tare wasu kwanaki na mako, sauran kwanakin kowa ya je gamanarsa. Hatsin gandu na rumbun maigida ne, shi kuwa ciyarwa tana wuyansa, da auren samari, da duk abin da sarki ya aza wa gidan. In noma ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, makaɗi ya biyo manoma yana yi wa kowa kirari, mata su kawo fura. Rana ce agogo, damina ce ke cewa a tashi, kaka ta ce a huta. Gaskiya ne yaro ba shi da bakin magana gaban babba, mata kuma sun sha daka da ɗaukar ruwa bayan aikin gona. Amma in shekara ta ɓaci, ta ɓaci wa kowa ne, ba mai shiga ɗaki shi kaɗai yana cewa ni ne na kasa.

Wanda zuciyarsa ta ɓaci kuma yana da wurin kai kuka. Akwai malam mai addu'a da nasiha, akwai aminin da ba a ɓoye masa komi, akwai abokin wasa da zai tsokane ka har ka yi dariya ba ka shirya ba. A tarihi kuma, Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri su ne shugabannin 'yan bori, waɗanda ke karɓar masu ciwon da ba a gani a jiki. Ko me mutum zai ce game da wannan al'ada a yau, abu guda ya tabbata: ba a barin mai ciwon zuciya shi kaɗai.

LANHO DA GYAƊA

Da Nasara suka zo a farkon ƙarnin da ya wuce, suka kawo abu biyu da suka taɓa gandu a jijiya. Na farko lanho, wanda dole a biya shi da kuɗi, ba da dami ba. Na biyu aikin tilas: a ɗebi ƙarfafan gari a kai su gyaran hanya da gini da dako, ba lada, ba godiya, ga bulalar dogari da ta soja. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai ran 11 ga Afrilu 1946. A wannan zamani talakan ƙasar nan ya yi aiki ƙarƙashin wanda bai san sunan ubansa ba, kuma ba shi da damar buɗe baki.

Ina fushin ya tafi? Wajen 1925, a ƙasar Filinge, wasu sababbin iskoki suka ɓullo cikin masu bori, ana ce musu Hauka ko Babule, suna tafiya irin ta soja, suna tsawa irin ta kwamandan. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki hotonsu na silima a Ankara ta ƙasar Gana, cikin 'yan ci-ranin Nijar masu aikin lebura, aka nuna shi a 1955. Ku lura da wannan: abin da baki ya kasa faɗi gaban mai iko, jiki ne ya fito da shi.

Neman kuɗin lanho shi ya tura mutane noman gyaɗa, musamman daga shekarun 1930. Kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA suka kafa ma'auni, 'yan kasuwar gari suka zama masu saya musu. Daga nan saurayi ya gane gamanarsa na iya ba shi kuɗin kansa, maigida kuma ya gane ba zai iya biya wa kowa lanho da sadaki ba. Sannu a hankali gandu ya fara tsagewa, kowa ya ja matarsa da tukunyarsa. Claude Raynaut, wanda ya zauna Sumarana kusa da Maraɗi yana bincike, ya rubuta yadda wannan rabuwa ta auku. Saurayi ya sami 'yancin kansa, amma ya sami nauyin kansa tare da shi.

AGOGO YA SHIGO GARI

A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon Maraɗi da ke cikin fadama, aka mai da gari bisa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu. Sabon gari ya zo da sabon aiki. Ga gidan matsar man gyaɗa na SICONIGER, ga gurzar auduga, daga baya ga majemar SONITAN, ga birori na gwamnati bayan samun 'yancin kai a 1960, ga kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 don sayen gyaɗar ƙasa. Mutum ya koyi shiga da ƙarfe kaza, fita da ƙarfe kaza, da jiran ƙarshen wata. Ba makaɗi, ba kirari, sai shugaban aiki da takardar suna. In uwarka ba ta da lafiya sai ka roƙi izini, a ba ka ko a hana ka.

A kasuwa abin ya ɗan yi dama. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, suna da barori da yawa, kuma ana auna girman Alhaji da arzikin mutane kamar yadda ake auna shi da arzikin kuɗi. Bara yana yi wa ubangida hidima, ubangida kuma yana tsaya masa ran aure da ran suna da ran ciwo, wata rana ma ya ba shi jari. Wani gandu ne na birni, da daɗinsa da ɗacinsa.

GYAƊA TA FAƊI, IYAKA TA RUFE

Sai fari ya zo, wanda ya yi tsanani a 1973 da 1974. A 1975 kuma darɓa da kuturtar gyaɗa suka gama da abin da ya rage. Manoma suka koma hatsi da wake, masu matsar mai suka rasa abin matsa, SONARA ta yi ta rauni har aka rufe ta. Samari suka kwarara Nijeriya, inda kuɗin man fetur ke gudana. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan'uwanmu suka komo da tabarma da buta. Daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986 aka rufe iyaka, ga fari kuma, shi ya sa aka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, mai albashi ya kwana da kuɗinsa ya tashi da rabinsu. Aka sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har cikin 2024. Garin da numfashinsa ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, kowace rufewa shaƙa ce gare shi.

Ku dubi darasin da ke ciki. A kowane karo, mutum ya yi aikinsa daidai, bai yi lalaci ba, amma wata magana da aka yanke a Ikko ko Dakar ko Abuja ta zo ta kwashe masa abinci daga baki. Wa zai kama? Wa zai kai ƙara?

JIRATAWA

Ko gona ma ba ta tsira ba. A farkon shekarun 1980 aka gina filin noman rani na Jiratawa, sama da hekta 500, da rijiyoyin burtsatse da injuna masu aiki da lantarki. Alheri ne babba, zogalen Jiratawa ya yi suna har Yamai. Amma duk wanda ya yi noma a can ya san ruwa na da ranarsa da sa'arsa, kuma kuɗin ruwa na jiran ka a ƙarshen kowane zango, ko ka samu ko ba ka samu ba, wanda ya kasa biya kuwa yana iya rasa filinsa. Manomi yana cikin gonarsa, amma agogo da bashi sun biyo shi har kunya.

HAUSHIN KAZA

To, yanzu ku haɗa lissafi. Ɗan kabu-kabu ya fita tun asuba, akwai kuɗin da dole ya kai wa mai babur da yamma kafin ya ci nasa. Lebura a Ikko yana kwana cikin shago. Ma'aikacin biro yana haɗiye wulakanci don kada ya rasa abincinsa. Dā wasiƙa ce ke zuwa daga gida sau ɗaya a wata ta hannun direba, yau salula ce ke kuka safe da yamma: hatsi ya ƙare, ga suna, ga magani. Ba zai iya yi wa ubangida tsawa ba, ba zai iya ce wa mahaifi babu ba. Sai ya haɗiye. Abin da aka haɗiye kuwa hanya biyu gare shi. Ko ya fito a kan wanda ba shi da ƙarfi, wato mata da yara, haushin kaza huce kan dami. Ko ya koma ciki ya cinye mai shi: barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, jiki ya mutu, mutum ya daina zuwa majalisa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Wasu samari kuma su nemi tsira wajen tiramol, ya ba su ƙarfin yini guda, ya karɓe na shekara.

Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma sun lura cewa sau da yawa a wajen maza da saurin fushi yake fara nuna kansa, domin an horar da namiji cewa kuka abin kunya ne, faɗa kuwa jarumta. Abin bai tsaya kanmu ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce kowace shekara ana asarar kwanakin aiki wajen miliyar 12, wato miliyan dubu 12, saboda ciwon damuwa da fargaba. Bambancinmu da su, mu yawancinmu ba mu da hutun ciwo, ranar da ba ka fita ba, ba a ɗora tukunya.

Wannan bayani ba ya wanke mai dukan matarsa. Duka zalunci ne, kuma wadda ake duka ita ma tana ɗauke da nata nauyin, tun daga kasuwa har murhu. Amma wanda ya san asalin ciwo ya fi kusa da maganinsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Gandu ba zai komo ba, amma gayya tana hannunmu. Ina roƙon abu huɗu. Na ɗaya, iyayenmu, in ɗa ya kira, a fara tambayar lafiyarsa da barcinsa kafin a kawo maganar saƙo, in kuma ya komo hannu wofi kada a auna shi da ɗan wane da ya gina soro. Na biyu, a kowane gari da muke da reshe, a sa mutum biyu masu zagaya 'yan'uwa, wanda aka kwana biyu ba a gani ba a taka a je, zumunta a ƙafa take. Na uku, asusun ƙungiya da muke buɗewa don biki da rasuwa, a buɗe shi kuma ga wanda aiki ya kuɓuce masa. Na huɗu, wanda baƙin ciki da rashin barci suka riƙe shi fiye da mako biyu, a raka shi gidan likita kamar yadda ake raka mai zazzaɓi, addu'a na tafiya, magani na tafiya. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe.

An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, gaskiya ne. Amma rumbun da aka cika fiye da kima, tsagewa yake yi. Baba ya ce haƙuri ya yi ƙaranci. Ni kuwa, tare da ladabi, ina ganin masu taya mutum haƙurin ne suka watse, mu ne kuma za mu tara su.

In na yi kuskure a gyara mini a fitowa ta gaba, musamman iyayenmu da suka ga zamanin gyaɗa da idonsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sanyaya zukatanmu, ya komo da matafiyanmu gida lafiya, amin.