Kujerar Sanatan Gombe ta Arewa da Inuwar Zaɓen Shugaban Ƙasa

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowace jiha kujeru uku a Majalisar Dattawa, Abuja kuma ɗaya, jimla 109. A Jihar Gombe, wadda aka cire daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, birnin Gombe ya faɗa cikin mazaɓar Gombe ta Arewa tare da ƙananan hukumomin Dukku da Funakaye da Kwami da Nafaɗa. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, tun daga 2015 sakamakon zaɓen wannan kujera ya fi nuna ra'ayin jama'a a kan ɗan takarar shugaban ƙasa fiye da hukuncinsu a kan sanatan, kuma hakan ya raunana wakilci.

Mu bi zaɓukan ɗaya bayan ɗaya. Ranar 28 ga Maris, 2015, aka kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta 'yan majalisar tarayya a rumfa ɗaya. Muhammadu Buhari na APC ya lashe jihar, Usman Bayero Nafaɗa na APC ya ci kujerar sanata. Bayan mako biyu aka koma rumfunan, jihar ta mayar da Ibrahim Hassan Ɗankwambo na PDP gidan gwamnati. A 2019 Ɗankwambo, yana gwamna mai ci, ya nemi kujerar, amma Sa'idu Ahmed Alƙali na APC ya kayar da shi da ratar da ta haura ƙuri'a dubu sittin, a ranar da Buhari ya sake cin jihar. Lokacin ne kalmar "sak" ke tashe, wato a dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa. Sai ga 2023: 'yan takarar nan biyu dai suka sake karawa ranar 25 ga Fabrairu, ana tsakiyar wahalar ƙarancin takardun naira. Atiku Abubakar na PDP ya lashe Gombe, Ɗankwambo ya rama kayen da rata makamanciyar wadda aka yi masa. Mako uku bayan haka, Muhammadu Inuwa Yahaya na APC ya zarce a kujerar gwamna.

Mutane biyu, mazaɓa ɗaya, sakamako ya juye gaba ɗaya cikin shekara huɗu. Da wuya a ce aikin Alƙali a zauren majalisa ne kaɗai ya jawo wannan juyi, ko kuwa mutanen mazaɓar sun gano wata nagarta a tattare da Ɗankwambo wadda ta ɓoye musu a 2019. Abin da ya sauya shi ne wanda ke saman takardar jam'iyya. Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma dukkansu biyun sun sha, kowa a zamaninsa.

Zaɓen 2011 ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi, domin a shekarar an raba ranakun. Buhari, yana CPC, ya ci Jihar Gombe a zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu, amma PDP ce ta kwashe kujerun sanata uku na jihar: Alƙali a Arewa, Muhammad Ɗanjuma Goje a Tsakiya, Joshua Lidani a Kudu. Da aka ba mai zaɓe rana daban, sai ya yanke hukunci daban. Sai dai ba za a yi saurin ɗaukar wannan a matsayin 'yancin mai ƙuri'a zalla ba. Goje ne gwamna a lokacin, kuma ƙarfin gwamnati a jiha ba ƙaramin abu ba ne. Mai yiwuwa raba ranar ya fitar da kujerar daga inuwar ɗan takarar shugaban ƙasa ne ya saka ta a inuwar gwamna.

Mai musu zai kawo Goje, wanda ke riƙe da Gombe ta Tsakiya tun 2011, ya kuma tsira a 2023 a APC duk da guguwar Atiku. Gaskiya ne. Amma mazaɓarsa ƙananan hukumomi biyu ce kacal, Akko da Yamaltu/Deba, shi ɗan Kashere ne a Akko, ga shekara takwas na gwamna da ya gina magoya bayansa a cikinsu. Abin da misalinsa ya nuna shi ne, sai ɗan siyasa ya mallaki rundunar kansa kafin ya tsallake irin wannan guguwa. Bai nuna cewa ana auna sanata da ƙudurorin da ya kai ko sa idon da ya yi wa ma'aikatu ba.

Illar a nan take. Sanatan da ya san makomarsa na rataye da farin jinin wani ba shi da dalilin wahalar da kansa a kwamiti. Abin da zai fi kula da shi shi ne tikitin jam'iyya da hangen inda iska ke kaɗawa. Shi ya sa sauya sheƙa ta zama sana'a: Alƙali ya fara da PDP ya koma APC, Nafaɗa ya shiga majalisar a APC, ya bar ta a 2018, ya yi wa PDP takarar gwamna a 2019. Faɗuwa ma ba lallai ta zama hukunci ba, tunda wata shida bayan kayen 2023 Alƙali ya zama ministan sufuri. Jama'a kuwa, da suka rasa ma'auni, sai suka koma ƙirga rijiyoyin burtsatse da kekunan ɗinki da babura da ake rabawa da sunan ayyukan mazaɓu, abin da ya fi kama da aikin shugaban ƙaramar hukuma. Hanyar kiranye da sashe na 69 na kundin tsarin mulki ya tanada tana bukatar sa hannun fiye da rabin masu rajista, kuma yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018 ya mutu tun a matakin tantance sa hannu.

Akwai kuma batun iyaka, wanda ba a cika tayar da shi ba. Birnin Gombe ya tumbatsa ya shiga ƙasar Akko. Mazaunin Tumfure da ke kasuwanci ko aiki a cikin gari, idan a unguwarsu ya yi rajista, sanatan Gombe ta Tsakiya yake zaɓa. Gari ɗaya, matsalar ruwan sha da zaizayar ƙasa ɗaya, wakilai biyu. Sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC sake duba iyakokin mazaɓu, amma waɗanda aka shiga 1999 da su, su ne har yau.

A 2018 Majalisar Tarayya ta yi gyaran dokar zaɓe don a fara da zaɓenta kafin na shugaban ƙasa, Buhari ya ƙi sa hannu. Ba a raba ɗaya biyu son kai na cikin dalilan 'yan majalisar, kuma ƙarin ranar zaɓe ƙarin kuɗi ne. Duk da haka shawarar ba ta banza ba ce. A Amurka kashi ɗaya bisa uku na kujerun sanatoci ake zaɓa duk shekara biyu, don haka da yawansu kan fuskanci jama'a ba tare da ɗan takarar shugaban ƙasa a gefensu ba. Ra'ayina shi ne a ware wa zaɓen majalisa ranarsa, wadda ba ta shugaban ƙasa ba, ba kuma ta gwamna ba. Kafin a kai ga haka, ya rage wa gidajen rediyon Gombe da malaman Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere su riƙa tattara ƙudurorin kowane sanata da matsayarsa a kan kasafin kuɗi, su bayyana wa jama'a da Hausa da Fulatanci kafin ranar zaɓe.