Shin duniya tana iya yin tasiri a kan tauraron da take kewayawa?

Tambaya

Malam, ni ɗalibi ne a Hanwa, Zariya. An karantar da mu cewa akwai manyan duniyoyi masu tasiri a kan taurarinsu. Mene ne haƙiƙanin wannan? Shin bai shiga cikin ilimin taurari da aka hana ba?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: Ka sani, ya ɗan'uwa, cewa Rana tauraro ce, kuma wasu taurarin ma suna da duniyoyin da ke kewaya su. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata ƙatuwar duniyar iskar gas tana kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana 4 da 'yan sa'o'i, alhali Mushtari tana ɗaukar kusan shekara 12 kafin ta kewaye Rana. Saurin ya zo ne daga tsananin kusancinta da tauraron. Wannan tauraro yana ratsa samaniyar Zariya a dararen Oktoba da Nuwamba, sai dai haskensa dishi-dishi ne.

Na biyu: Tasirin da ake nufi shi ne ƙarfin ja, irin wanda Wata yake jan teku da shi, har ruwa ya cika ya janye sau biyu a rana a gaɓar Legas. Haka ƙatuwar duniya take tayar da tozo a jikin tauraronta. Idan kewayawarta ta fi juyin tauraron sauri, sai tozon ya riƙa riƙe ta ta baya. Da haka juyin tauraron yake ƙaruwa, ita kuma tana matsowa kusa da shi. Akasin haka ne tsakaninmu da Wata: juyin Ƙasa ya fi kewayawarsa sauri, shi ya sa yake nisantar mu da kimanin santimita 3.8 a shekara.

An auna wannan a kan WASP-12b, wadda aka gano a 2008. Tana kewaye tauraronta cikin kusan sa'a 26, kuma wannan lokaci yana raguwa da kimanin kashi 29 cikin 1,000 na sakan ɗaya duk shekara. Bisa wannan lissafi, saura mata kimanin shekara miliyan 3 ta halaka a jikinsa.

Na uku: Malamai sun kasa ilimin taurari gida biyu. Akwai ilmut tasyir, wato sanin tafiyarsu don gane alƙibla da lokuta, wannan ya halatta. Akwai kuma ilmut ta'asir, wato jingina arziki, aure ko mutuwar mutum ga tauraro, wannan shi ne haramun. Abin da aka karantar da ku sababi ne da Allah Ya sanya tsakanin halittu biyu, ana auna shi da na'ura, babu da'awar sanin gaibu a ciki. Don haka ka ci gaba da karatunka da natsuwa.

Allah ne Mafi sani.