Shekarun da Aka Ƙirga Sauron Garki

Idan aka ambaci Garki a yau, hankalin yawancin mutane Abuja yake tafiya. Amma akwai Garkin jihar Jigawa, arewa maso gabas da birnin Kano, kuma ita ce wadda masanan zazzaɓin cizon sauro na duniya suka sani. Duk wanda ya zurfafa karatu a kan maleriya, ko a wace ƙasa yake, sai ya ci karo da sunanta. Abin da ke damuna shi ne labarin ya fi yawo a ƙasashen waje fiye da ƙasar da aka yi shi.

A shekarar 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da maleriya daga doron ƙasa, da feshin DDT a hannu ɗaya, ƙwayar kulorakwin a ɗaya hannun. An ci nasara a kudancin Turai da wasu sassan Asiya. Afirka kuwa, kudu da Sahara, galibi gwaje-gwaje ta samu. Ɗaya daga ciki an fara shi a 1954 a yammacin lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, kuma ba a je ko'ina ba sauron yankin ya daina jin maganin feshi mai suna dieldrin. Zuwa 1969 hukumar ta amince cewa burin ba zai cika yadda aka tsara ba. Sai gardama ta ɓarke tsakanin masana. Wasu suka ce kuɗi da ma'aikata ne suka yi ƙaranci. Wasu suka ce ko an zuba dukiya, sauron wannan yanki namu ya fi ƙarfin makaman da ake da su.

Don raba wannan gardama hukumar ta haɗa hannu da gwamnatin Nijeriya, aka zaɓi gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, zamanin Gwamna Audu Bako. Aikin ya ɗauki daga 1969 zuwa 1976.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin da aka fara da shi. Wata 18 aka kwashe, daga ƙarshen 1970, ba a yi feshi ba, ana kallo ana rubutawa. A ƙauyuka 22 da aka sa wa ido sosai, irin su Sugungum da Rafin Marke, an rubuta kowa gida-gida. Duk bayan mako 10 ma'aikata su dawo, a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a kai wa masu duba shi da madubin likita. Jariri da tsoho, mai zazzaɓi da mai ƙoshin lafiya, ba a ware kowa ba. Wanda aka haifa a shigar da shi, wanda ya rasu ko ya tafi cin rani a rubuta.

Sauron ma an ƙirga shi. Da dare mutum ya zauna ya buɗe ƙafafunsa, wasu a ɗaka wasu a tsakar gida, yana jiran sauro ya sauka a kama shi da rai. Da safe a shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, a rufe ƙofa, a yi feshi, a tsince duk wanda ya faɗo ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a tsaga shi a duba ko yana ɗauke da ƙwayar cutar. Mai karatu ya tsaya ya auna abin da wannan ke nufi ga magidanci: baƙi su shigo masa ɗakin kwana da sassafe, su ɗibi jinin 'ya'yansa, shekara da shekaru. Ba ƙaramar amana mutanen Garki suka ba da ba.

A 1972 aka shiga yaƙin gadan-gadan. An yi wa ƙauyuka 164 feshin bango da wani magani mai suna propoxur. A kusan 60 daga cikinsu an haɗa da raba wa jama'a ƙwayoyin sulfalene da pyrimethamine duk bayan mako 10. A wasu 'yan ƙauyuka kuma aka tsananta, ana shan magani duk bayan mako 2 da damina, ana kuma zuba maganin kashe tsutsar sauro a kududdufai. An ci gaba har ƙarshen daminar 1973, a daidai shekarun da fari ya addabi Arewa.

Da farko sakamako ya yi daɗin ji. Inda aka tsananta, masu ɗauke da ƙwayar cutar a jini sun ragu zuwa kusan kashi 1 cikin 100 da rani, kashi 5 cikin 100 da damina, a ƙasar da kafin nan yawancin yara ƙanana ke ɗauke da ita. Mutuwar jarirai ta ragu. Wannan ba lissafi ba ne kawai: akwai dattawa a yau masu jikoki waɗanda wataƙila da ba su wuce yaye ba.

Sai dai igiyar ba ta tsinke ba. Ko a ƙauyukan da aka fi matsa wa, cutar ba ta daina yaɗuwa ba. Feshi shi kaɗai bai taɓuka abin kirki ba, domin wani kaso na sauron, in ya sha jini, ba ya hutawa a bangon ɗaki inda magani yake, waje yake fita. Masanin sauro ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya nuna cewa abin da ake ɗauka iri ɗaya ne ashe kashi-kashi ne, kowane da ɗabi'arsa. Ga mutane kuma, kullum akwai wanda ranar rabon magani ta same shi a gona ko kasuwa, akwai baƙon da ya shigo da cutar a jikinsa. Da aka dakatar da aikin, maleriya ta dawo sannu a hankali ta koma mazauninta.

A 1980 Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da littafin da ya tattara binciken, kuma ba su ɓoye komai ba: a irin wannan ƙasa, da waɗannan makamai, ba za a iya tumɓuke cutar ba. Ina girmama wannan gaskiyar. Daga alƙaluman Garki ne kuma Klaus Dietz da abokan aikinsa suka gina wani tsarin lissafi na yadda maleriya ke yaɗuwa, aka buga shi a 1974, kuma har yanzu masana na komawa ga waɗannan alƙaluma su gwada sababbin lissafe-lissafensu.

A ganina abin da Garki ta fallasa ya wuce ɗabi'ar sauro. Ayarin da ya zo da motoci da ƙwararru yana da ranar tafiya, damina kuwa duk shekara tana nan tafe. Abin da zai riƙe yaro shi ne ɗakin shan magani na kusa da gida, da ma'aikacin da ake biya a kan kari, da maganin da ba ya yankewa a watan Agusta. Duniya ta karkata nan ɗin: taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a gaba, taron Harare na 1987 ya ce gunduma ce ginshiƙinsa, a gida kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ta faman ɗora nauyin a wuyan ƙananan hukumomi.

Har yanzu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Nijeriya ne. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata da damina a ƙasashen Sahel. Masu bi gida-gida da shi yanzu 'ya'yan unguwa ne, suna sallama a zaure a ce su shigo. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cikin jakarsu na ɗauke da pyrimethamine, wanda kakannin waɗannan yara suka haɗiya a ƙauyukan Garki a daminar 1972.